Matar da ta Mayar da Shayin Mijina Tawada

Tun mai gadi bai gama buɗe ƙofar asibitin haihuwa na unguwarmu ba za ka ji zuwanta. Jakarta ce ke mata shela, ƙananan kwalabe suna ta karo da juna a ciki. Gajeriya ce mai saurin tafiya, tabarau rataye a wuya, kuma ba ta iya wuce mutum ba tare da ta faɗa masa abin da ke damun jikinsa ba, ko bai tambaye ta ba. Sai ta shige ɗakin gwaje-gwaje, ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda kusa da famfo, ta sa farar riga, ta goge tebur, ta jera auduga da allurai. Daga nan har rana ta take aikinta ɗaya ne. Ta kama yatsan mai ciki, ta ce, "Lah, waccan ba surukarki ba ce?" Kafin baiwar Allah ta waiwayo an tsira mata allura, an matso ɗigon jini, an auna. Shekara talatin da ɗoriya tana yi wa mata wannan dabara, kuma har ranar da ta yi ritaya suna waiwayawa. Shi ya sa kowa ke kiranta Uwar Ɗigo.

Ni kuwa ina tsallaken titi, daidai ƙofar asibitin, a shagon shayin maigidana. Shi ke dafawa yana surutu, ni ke wanke kofuna ina shan surutun. Da na ji wannan watan za ta ajiye aiki, na ce wallahi sai na rubuta wani abu a kanta, tunda irin su ba a buga hotonsu a jarida. Maigida ya ce in na kuskura na sa shi a ciki, to in nemi wani shagon da zan riƙa wanke kofi. Na ce to, na ji. Ga shi nan a ciki tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ya haɗa ta da shayi kuwa, ƙwayar ƙarin jini ce. Asibiti na ba kowace mai ciki ƙwayar nan, a ce ta sha kullum. Suna sha, amma in sun dawo awo sai Uwar Ɗigo ta tarar jinin da yawansu yana nan inda ta bar shi. Likitan asibitin, mutum ne mai haƙuri da sanyin murya, ya san ɗaya daga cikin dalilan, kuma duk ranar awo sai ya faɗa: kada a haɗiye ƙwayar da shayi, a bar tazara tsakaninsu. Mata su gyaɗa kai, "To likita, mun gode likita." Su fito, su tsallaka titi, su zauna a bencinmu, su ɓare ƙwayar, su kora da shayin maigida mai kauri. Likita yana hango su ta taga, ba yadda ya iya.

Ita ce ta yi mini bayanin abin wata rana a bakin famfo. Ta ce a cikin ganyen shayi akwai wani sinadari da masu ilimi ke kira folifinol, shi ne baurin nan da ke kama harshe in shayi ya dahu sosai. Ba mugun abu ba ne, an ce ma yana da amfani ga jiki. Matsalarsa ɗaya, in ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini, sai su rungume juna su wuce abinsu, jiki ya tashi da kaɗan. Ta ce akwai na'urar auna shi a manyan ɗakunan bincike, amma asibitin da ke fama da kwan fitila ina zai ga wannan? Sai ta ce, "Matar maƙwabci, matan nan sun ji har kunnensu ya gaji. Gani ya kori ji."

Kayan da ta haɗa don awon shayi, in ka gan su sai ka ɗauka shara za ta zubar. Ƙwayoyin ƙarin jinin da lokacinsu ya wuce, waɗanda da ma jefarwa za a yi, su take dakawa a ɗan turmin ɗakin magani, ta jiƙa da ruwa mai tsabta, ta tace da ƙyalle. Kwalaben allura da aka gama da su ta wanke ta dafa. Sirinji marar allura shi ne ma'auninta, don kowace kwalba ta samu shayi daidai da 'yar'uwarta, ta kuma sirka da ruwa daidai wa daida. Sai fasasshen farin tayil da ta tsinta lokacin da ake gyaran banɗaki, a kansa take jera kwalaben a bakin taga inda haske yake. Na ƙarshe, katin launuka da ta roƙa wurin mai sayar da fenti, wanda ya taso daga fari-fari ya bi ta ruwan toka har ya dire a baƙi. In ta ɗiga ruwan ƙarfen a shayi ya sauya launi, sai ta kara katin ta ga inda ya tsaya. Iya baƙinsa, iya yawan sinadarin. Kullum tana faɗa cewa wannan awon ba na zuwa kotu ba ne, amma ya isa ya nuna wane shayi ya fi wane.

Ranar da ta fara, ta tsallako shagonmu da kanta ta ce a ba ta kofi ɗaya, ba madara ba sukari. Maigida har da gyara hula. Ya ce mini, "Kin gani? Ma'aikatan lafiya ma sun san inda ake shayi." Ya zuba mata daga sama, irin zubin nan na burga. Ta ɗauka ba ta kurɓa ba, ta koma da shi baranda inda mata ke jere a benci suna jiran awo. Ni kuwa na bi bayanta, wai zan karɓo kofi.

Ta ɗaga kwalbar sama kowa ya gani, ja garau. Ta ce, "Wannan shayin da kuke sha ne." Ta ɗaga sirinji. "Wannan kuma ƙwayar da kuke haɗiya ce." Ta ɗiga. Kafin ka ce kwabo shayin ya rikiɗe ya zama tawada, baƙi ƙirin. Wata ta yi salati da ƙarfi, wata ta dafe ciki, wata tsohuwa da ta rako jikarta ta miƙe ta ce ita fa ba za ta zauna inda ake sihiri ba. Uwar Ɗigo ta ce, "Zauna, Kaka, ba sihiri ba ne. Ƙarfen da ya kamata ya zama jinin jikarki ne shayi ya kama ya riƙe."

Labari ya riga ni tsallaka titi. Sai ga maigida da ludayi a hannu, ya manta bai ajiye ba.

"Malama, me na tare miki a duniya?"

"Ba kai ba ne, maƙwabci. Ganye ne."

"Ganyen wa?"

"Naka."

"To ai ni ne ke nan!"

Ta ce masa ba ta hana kowa shan shayi ba, ita ma tana sha. Abin da ta ce kawai, mai ciki ta haɗiyi ƙwayarta da ruwa, ta bari kamar awa biyu kafin ta nemi shayi. Bai saurara ba. Ya ce shekara da shekaru yana ciyar da unguwar nan, ba wanda ya taɓa yin fitsarin tawada. Ya juya ya tafi, ni kuma na karɓo kofin na bi bayansa.

Matan awo su suka raɗa wa launukan katin suna. Mafi haske suka ce ruwan wanki, na gaba hadari, sai tawada, na ƙarshe kwalta. Da aka kara shayin maigidana da katin, a kwalta ya sauka. Na zaci ranar ba zai ci abinci ba don baƙin ciki. Ashe ban san mijina ba. Direbobi da makanikai suka ji cewa asibiti ya auna shayin unguwa, nasa ya fi na kowa ƙarfi. Washegari benci bai ishe mu ba. Kafin mako ya zagayo ya samo allo ya rubuta da alli, manyan baƙaƙe: SHAYIN KWALTA, ASIBITI YA TABBATAR. Uwar Ɗigo ta tsaya gaban allon ta riƙe haɓa, ta ce ita dai ta shuka gero ta ga gujiya ta fito.

Daga nan masu shayin unguwa suka ce ba za ta saɓu ba. Ka zo da safe ka ga ƙarti riƙe da filas sun shiga layin masu ciki, kowa na son a auna nasa. Wani ya bar ganye a wuta har tukunya ta kusa ƙonewa don ya doke maigidana. Wani ya jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a tukunyarsa, ya kawo shayi ya riga ya yi baƙi tun ba a ɗiga komai ba. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, ka zo jarrabawa da amsa a rubuce a goshi. Je ka zubar, kuma kada ka sayar wa kowa." Babbar ungozoma ma ta kawo nata, wani mai tsada a gwangwani mai ruwan zinariya da ƙaninta ya aiko mata. Ya fito ruwan wanki. Sai da ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar ɗakin gwaje-gwaje da kyau.

Da wata ce, da ta kore su, ta ce asibiti ba filin gasa ba ne. Uwar Ɗigo kuwa sai ta kafa doka. Awon shayi kyauta ne, amma duk mai son a auna nasa sai ya kawo matarsa ko ƙanwarsa ko 'yarsa an duba jininta tukuna. Mazan da ko da roƙon Allah ba sa barin aiki su rako mata asibiti, sai ga su suna jan hannun matan suna cewa a yi sauri kada layi ya yi tsawo. Babbar ungozoma, bayan ta huce, ta faɗa mini da bakinta cewa a wannan shekarar sun gano mata masu ƙarancin jini da yawa waɗanda da sai ranar haihuwa za a gan su.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ba mala'ika nake yabo ba. Matar nan ba ta san ranar hutu ba. Ka gayyace ta gidanka ka kawo mata shayi, kafin ta ce bismilla ta zaro kwalba daga jaka. Matan unguwa suka koma ba ta ruwan sanyi in ta zo. Mijinta ma, wani dattijo mai gyaran agogo wanda ba ruwansa da kowa, ta bayan shagonmu yake zagayowa ya sha nasa a tsaye. Ya ce mini, "'Yar'uwa, ina so ko sau ɗaya in sha shayi ban san makinsa ba."

Muna cikin wannan raha aka zo kan Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ke auren wani direban babbar mota. Auta a shago ta girma. Da shayi aka yaye ta, in ka yanke ta ina jin shi zai fito. Cikinta na fari ya tsufa, likita ya duba ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, in bai juya ba sai an yi mata tiyata. Uwar Ɗigo kuma ta auna jini, ta ja fatar idon Auta ta leƙa, fari fat. A ranar ba ta yi wasan surukar nan ba. Likita ya zaunar da mu ya faɗa mana gaskiya: aiki irin wannan ana zubar da jini, kuma Auta ba ta da na zubarwa. Irin jininta yana da wuyar samu, na mijinta bai dace ba, nawa ma haka, babanta kuma hawan jini ya hana a ɗiba. Ya ce dole jininta ya hau kafin ranar aiki, in ba haka ba za a shiga da ita ne ana addu'a kawai.

Auta ta tsorata, ta yi rantsuwa ta bar shayi. Aka yi mata maganin zazzaɓin sauro da na tsutsar ciki, aka gyara mata abinci, ƙwaya kuwa ba ta tsallake ko ɗaya. Aka dawo awo, jini ya ɗan motsa kamar mai jin kunya. Aka sake dawowa, haka. Uwar Ɗigo ta ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, kina shan shayi?" Auta ta fashe da kuka ta ce rabonta da shayi tun ranar da aka hana ta. Na san 'yata, in tana ƙarya hancinta take sosawa, kuma ba ta sosa ba. Ni dai barci ya ƙaurace mini, ga ciki yana ta girma.

A kwanakin nan ne na lura sukari ya fara ƙarewa a shagonmu kullum da hantsi. Maigida ya hau keke ya ce zai je sayen sukari, ya daɗe, ya dawo wani lokaci ma ba sukarin. Na ɗauka wurin masu dara yake lafewa, na ce zan kama shi in na samu sarari, yanzu ta 'yata nake.

Ranar hutunta Uwar Ɗigo ta zo ta ce in raka ta gidan Auta, tana so ta ga yadda ake haɗiyar ƙwayar da idonta. Muna zaune a tsakar gida, Auta ta ɗauko ƙwaya ta riƙe a hannu ba ta sha ba. Muka ce me take jira? Ta ce Baba. Sai ga ƙarar keke, sai ga mai sayen sukari ya shigo da sallama, rungume da wani sabon filas mai furanni wanda ban taɓa gani ba. Da ya gan mu ya yi turus, sannan ya dake.

"Ba shayi ba ne," in ji shi, tun ba a tambaye shi ba.

"Me ne ne, maƙwabci?"

"Ruwan ganye ne na lafiya. Kore ne. Ni ma ai ina da hankali, Malama. Kin ce baƙi ne ke cinye jini, na bar ba ta baƙi. Yarinyar nan ba ta iya haɗiyar ƙwaya da ruwan sanyi, amai take yi. In zuba ido ina kallo?"

Ya tsiyaya a kofi don mu gani. Gaskiya ko ni da na gan shi na ce wannan ai ruwa ne aka nuna wa ganye daga nesa, fari-fari, ɗan kore-kore. Ashe ya je har babban kanti ya sayo koren ganyen shayi mafi tsada, yana dafawa a ɓoye a bayan shago, yana kawo wa 'yarsa kullum da hantsi, ya tsaya a kanta sai ta kora ƙwayar da shi. Ya ce mata ba shayi ba ne, ita kuma maganar Baba ai ba a mata gardama.

Uwar Ɗigo ta jawo jaka. Maigida ya harɗe hannu ya ce, "Auna! Wannan ko ruwan wanki ba zai kai ba. Yau za ki ba ni haƙuri a gaban iyalina."

Ta auna da sirinji, ta sirka, ta ɗora kwalbar a kan farin faranti, ta ɗiga. Jama'a, ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Ta kara katin fenti, launin ya wuce kwalta, katin ya ƙare bai kamo shi ba. Ta ce a hankali, "Launin shayi a kofi ba shi ke nuna yawan abin ba. Koren nan sau da yawa ya fi baƙin." An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na buɗe baki zan fara, don na tanadi magana tun daga kan sukari. Sai na ga mijina ya sulale ya zauna a ƙasa, hula a hannu. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya dubi kwalbar, ya dubi cikin Auta, ya ce, "Ni da hannuna?" Na haɗiye maganata, tausayinsa ya kama ni.

Uwar Ɗigo, a nan ne na san ko ke wace ce. Ke da ba kya barin kowa ya ci bulus, ke da kika yi shekaru kina fafatawa da mutumin nan a kan allonsa, ga shi ya faɗo hannunki, ba ki ce masa ko "ai na faɗa maka" ba. Kika durƙusa kusa da shi da guiwarki mai ciwo, kika ce, "Maƙwabci, so ne ya yi yawa, ba mugunta ba. Kuma da sauran lokaci. Keken nan naka kada ka ajiye shi. Gobe ka zo kamar yadda ka saba, amma ruwan ɗumi za ka kawo da lemon zaƙi. Ta sha ƙwaya, ta sha lemo, shi yana taimakon ƙarfen ya shiga jiki. Na ɗora ka a kan aikin nan, in ta tsallake kai zan kama." Kin ba shi abin yi a lokacin da kunya za ta iya kashe shi.

To, kun san mijina, ba ya yin abu rabi. Ya goge allon kwalta da hannun rigarsa, ya zama ɗan sandan masu ciki. Mace ta zauna a benci, kafin ta yi magana ya tare ta: "Kin sha ƙwaya? Da ƙarfe nawa? A'a, da saura. Ga ruwa, ga burodi, ki zauna ki jira." Wasu su yi dariya, wasu su yi fushi su tafi shagon gaba, ya bi su da kira yana gaya wa mai shagon kada ya sayar. Rannan ya tare wata mata mai jiki ya tambaye ta wata nawa. Ashe ba ciki gare ta ba, mai gyaran gashi ce ta zo shan shayinta. Abin da ta faɗa masa ba zai rubutu ba. Makanikai kuma suka samu abin yi, duk wanda tumbinsa ya fito sai su ce, "Baba, tambayi wannan ko ya sha ƙwaya."

Likita ya ƙara wa Auta wani magani, Uwar Ɗigo kuma ta riƙa auna ta kowane mako. Ba ta ce mana komai sai "da sauƙi, a ci gaba." Amma ni na koyi karanta fuskarta. Ranar da na ga ta kama yatsan Auta ta ce, "Lah, waccan ba surukarki ba ce?" na fita baranda na yi kuka, don na san jini ya hau. Ɗan dai bai juya ba, ya gaji taurin kan kakansa.

Da safe aka shiga da ita. A bakin ƙofar ɗakin tiyata wata nas ta miƙo mini takalman Auta ta ce in riƙe. Wasu silifa ne shuɗɗa, duk sun buɗe saboda kumburin ƙafa. Ina karɓa na tuna baya. Ina yarinya aka shiga da mahaifiyata haihuwar ƙaninmu, aka ba ni takalmanta in riƙe. Da yamma aka ce jini ya ƙare mata. Ni na ɗauki takalman nan na kai gida, kuma har na girma ba wanda ya taɓa gaya mana cewa abu ne da ake iya aunawa tun da wuri a gyara. Ban taɓa ba wa Auta wannan labarin ba.

Aikin ya daɗe fiye da yadda aka ce. Na ga nas ta fito da sauri ta koma, na ga Uwar Ɗigo ta wuce da gudu da farar rigarta ba ta ko dube mu ba. Maigida yana ta kai da kawo yana yi wa mai gadi bayanin lemo, don in ya yi shiru zai rushe. Can likita ya fito yana share gumi. Ya ce an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ya ce Auta ta zubar da jini sosai, amma jikinta ya jure, kuma da da jinin da ta fara zuwa awo da shi aka shiga, da wani zancen ake yi yanzu. Maigida ya rungume mai gadi, tunda shi ne a kusa.

Yanzu jaririyar tana gudu a shago tana ɓarar mini da kofuna. Uwar Ɗigo kuwa ta koya wa ungozomomi awon kafin ta tafi, ta bar musu tayil da katin fenti, ta ce kwalabe su nemi nasu. A taron sallamarta an yi jawabai, an ba ta agogon bango, mijinta ya juya shi ya ce zai duba cikinsa in sun je gida.

Ku da ke aiki a ƙananan ɗakuna na ƙarshen baranda, malaman asibiti da na makaranta da na gona, ga abin koyi. In kun faɗi gaskiya mutane sun ce "to" sun ci gaba da abinsu, kada ku ce sun ƙi ji ku naɗe hannu. Ku duba abin da ke cikin kwandon shararku, wataƙila akwai abin da za ku nuna musu da shi. Ku kuma masu ciki, ku sha ƙwayarku da ruwa, shayi ba zai gudu ba, mijina ma yana nan zai tsare ku.

Ke kuwa Uwar Ɗigo, mai ɗan ɗaki da babban aiki, ke ce kika tsaya a kan jinin 'ya'yan mutane kamar ke kika haife su. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa guiwar nan ta bar ki ki yi barci. Ba ni da abin biyanki, sai dai in gaya miki abin da ban faɗa a taron ba, don na san zan yi kuka a gaban mutane. Ranar da aka sallami Auta, na ajiye mata silifan nan a gaban gado. Ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ɗaya, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Da ƙafarta ta taka su har gida, ni kuwa jikata na ɗauka.